Ranar da Darakta Ya Yi wa Takwara Rakiya

Ɗana na biyu shekara talatin da ɗaya ya yi yana masinja a wani ofishi, yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Da ya yi ritaya sai unguwa ta laƙaba masa Darakta, don ba ya buɗe baki bai ce "ni da Darakta" ba. Shi bai ɗauki abin a zolaya ba. Har a bayan wayarsa ya sa an rubuta masa.

Ranar da jikata ta shigo da labarin an kira ta ganawa, yana falona yana shan shayin da ba shi aka dafa wa ba. Yarinyar sunana aka sa mata, shi ya sa nake kiran ta Takwara, shi kuma kawun nata yake ce mata Uwata. A hannuna ta tashi, uwarta tana aiki a wani gari. Ta gama digirinta, ta nemi tallafin wata gidauniya mai ɗaukar nauyin masu nazarin yankuna. Na ce mene ne kuma wannan. Ta ce a ware wani yanki na duniya a san shi ciki da waje, harshensu da kasuwarsu da abin da ke haɗa su faɗa. Ita nata yankin wani babban kogi ne da ƙasashe uku suke sha, tana son ta gano yadda masu jirgin fito na wannan gaɓa da na waccan suke raba fasinja ba tare da hukuma ta sa musu baki ba.

Na ce, "Wato biyan ki za a yi ki je ki yi tsegumi."

"Tsegumi mai takarda, Kaka. Shekara biyu. Jirgi, ɗaki, abinci, littattafai, duk a kansu."

Mutum ɗari uku suka nema, aka tace aka bar goma, huɗu za a ɗauka, kuma wanda ya faɗi ba ya sake nema. Ni ban yi boko ba, amma na san abin da ake nufi da huɗu cikin goma. Na kuma san wata bakwai yarinyar nan ta yi tana rubuta takardar neman, har ta rame a wuya.

Darakta ya ajiye kofi. "Yaushe za mu je?"

"Ba zuwa ake yi ba, Kawu. Ta kwamfuta ne, ranar Laraba ƙarfe goma, a nan falon. Kuma sun rubuta ni kaɗai zan kasance a ɗakin."

Ya yi mata irin dariyar da ake yi wa jariri. "Uwata, ke kin san littafi, ni na san kwamiti. Kwamiti nawa na kai wa ruwa? Wanda ya shigo shi kaɗai, takardarsa a ƙasan tire take kwana. Wanda ya zo da mutanensa suka cika baranda, kafin azahar an sa masa hannu. Babba ba takarda yake dubawa ba, bayanka yake leƙawa ya ga su wa ke tsaye."

"Sun rubuta fa, Kawu."

"A ƙofar ofishinmu ma an rubuta ba a shiga. Ta nan kowa yake shiga."

Ranar Litinin ya iso da wata doguwar kanta a kan amalanke, mai shagon littattafai na bakin titi yana biye da shi da kwalaye huɗu. Wai manyan masana ba sa magana sai da littattafai a bayansu. Kanta ta ƙi shiga falo. Suka juya ta a tsaye, suka juya ta a kwance, suka goge min fentin bango. Darakta ya ce abin ai lissafi ne kawai, a cire ƙyauren falon. Ya ƙi a kira kafinta, ya ce shi ya taɓa tsayawa a kan kafintoci ashirin. Ya sa guduma, ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren ya ɓalle har da gutsuren katako. Kanta ta shiga, ƙyaure ya koma baranda a jingine, falona ya koma sai labule.

Na ce, "Ƙofar nan ta girme ka."

"Ranar Alhamis zan mayar da ita, Inna, har ta fi da."

Ƙafar kantar ɗaya gajeruwa ce, suka tokare ta da bulo. Mai littattafai ya jera kayansa yana share kowanne da hannun riga. Takwara ta leƙo ta duba.

"Baba, duk littafi ɗaya ne. Lissafi na aji biyu."

"Shi ne ya fi yawa a shago. Daga nesa ai kauri ake gani. Kada dai a cire musu leda."

Ranar Talata kuma taswira ya kawo, aro daga makarantar firamare, babba kamar tabarma. Rana ta cinye launinta, kogin da ake magana a kai bai fito ba, don haka Darakta ya sa alƙalami mai shuɗin ruwa ya zana shi da kansa. Takwara ta daɗe tana kallo.

"Kawu, kogin nan ka haye da shi kan dutse, ka kai shi ƙasar da ba ta taɓa ganin sa ba."

"Za su ga kin yi zurfi. Kowa ya san inda tsohon yake."

Da la'asar na ji tafi a baranda. Na fito na tarar ya tsayar da tela da mai aski da wasu magidanta yana koya musu lokacin da za su gyaɗa kai da lokacin da za su ce haka ne. Telan nan mutum ne da kujera ɗaya ba ta isar sa. Shi ya ɗinka wa Darakta sabuwar riga don ranar, shi kuma aka naɗa mai gyaɗa kai na farko.

Mai aski ya ce, "Darakta, to in da Turanci ake yi, ta yaya za mu san wurin gyaɗawar?"

"Ku dubi hulata. In ta yi gaba, ku bi ta."

Na ɗauko tsintsiya na nuna musu hanya. Na tsayar da ɗana na ce masa kanta na haƙura, taswira na haƙura, amma gobe in na ga ƙafar mutum ɗaya a falona ban da ta yarinyar nan, zan manta ni na haife shi. Ya dafa ƙirji ya ce ya ji, magana ta ƙare.

Laifina ɗaya, Larabar ce ranar karɓar maganina na hawan jini. Na fita tun ƙarfe bakwai don in dawo da wuri, na tarar da layi har bakin titi. Goma saura minti biyar na iso gida. A ƙofar falo na ga takalma a jere kamar a shago, ƙafa goma sha ɗaya, na Darakta a tsakiya yana ƙyalli.

Na ɗaga labule. Suna zaune a bayan Takwara sahu biyu, kowa da rigar fita kunya, ɗaki ya cika da turare iri shida. Ita tana gaban kwamfuta, ido ya kawo ruwa.

"Kaka, cewa ya yi addu'a kawai za su yi su fita."

"Addu'ar ce ta yi tsawo, Inna."

Na buɗe baki ke nan kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara. Takwara ta ce sun buɗe, sun buɗe, ku kauce. Abin da kyamarar take gani shi ne ita, da kanta, da taswira, da ƙofa, don haka babu mai iya fita ba a gan shi ba. Sai duk aka kwasa aka manne a bangon da ke bayan kwamfutar, wajen taga. Tela ya ja ni a cikin rubibin. Ni da ɗakina, ni da shekaruna, na tsinci kaina a matse tsakanin cikin tela da gwiwar hannun mai aski, jakar magani a hammata.

Darakta ya raɗa mana, "Ba komai. In ta gama gaisuwa za mu fito ɗaya bayan ɗaya. Ni ne farko, ina da jawabi."

Na murɗe masa naman hannu har sai da hularsa ta yi gaba. Mutum uku suka gyaɗa kai.

Murya ta fito daga kwamfutar, ta mace, dattijuwa, da Turanci. Daga baya Takwara ta fassara min duk abin da aka faɗa. Su uku ne, dattijuwar mai tabarau ita ce shugaba, sai wani mai sanƙo, sai wani da bai cika magana ba. Bayan gaisuwa shugabar ta ce kafin a fara, ƙa'idarsu ce mai nema ya ɗaga kwamfutar ya zagaya da ita ɗakin, su ga ko'ina.

Takwara ta ɗago kai. Ta dube ni ta saman kwamfutar, ni ma na dube ta. Ta miƙe, ta ɗaga abin, ta juya fuskarsa waje, ta fara daga ƙofa a hankali. Wurin ɓuya ɗaya ya rage a falon nan, shi ne bayanta. Yarinyar kuwa faɗinta bai fi na tabarya ba.

"Hagu," in ji Darakta ƙasa-ƙasa. "A bi bayanta. Hagu, hagu. Tela, shigar da cikinka."

Haka magidanta goma sha ɗaya da tsohuwa ɗaya muka jeru a bayan yarinya, tana juyawa muna juyawa, kowa a kan yatsun ƙafa, kamar 'ya'yan agwagwa. Da kyamara ta bar ƙofa na ga dama ta samu. Na fara cusa su waje ɗaya-ɗaya da jakar magani. Biyar suka fita. Na shida da na bakwai su ne tela da mai aski, kowa ya ce shi ne gaba, suka cushe a ƙofar babu shiga babu fita, labule ya naɗe musu kai.

A nan ne shugabar ta ce a ɗan koma baya, ba ta ga lungun can da kyau ba.

Takwara ta juyo. Darakta ya ce dama, dama, alhali rabin mutanensa ba su gama hagu ba. Aka yi karo. Wani ya taka min ƙafa, na rama a kan wanda ya fi kusa. Darakta ya ga kyamara tana nufo shi, ya tattare sabuwar riga ya kutsa bayan kanta. Ƙafarsa ta ture bulon. Kanta ta yi gaba kaɗan, ta tsaya kamar mai shawara. Mai littattafai ya manta da ɓuya, ya yi tsalle ya rungume ta yana cewa na sama, na sama. Ta taho da shi gaba ɗaya. Lissafi na aji biyu ya watsu har ƙarƙashin kujeru.

Da ƙura ta lafa, ga Darakta a tsaye a jikin taswira, hula a karkace, kogin da ya zana yana fitowa daga bayan kunnensa, takardar jawabi a hannu, kyamara kuma ta saita shi tsaf.

Shugabar ta tambayi Takwara ko akwai wani a ɗakin.

Yarinyar ta waiwayo ta dube ni. Ta ce akwai. Ta ce da farko su goma sha biyu ne, yanzu saura bakwai, biyu daga ciki sun maƙale a ƙofa. Ta ce tun farko ya kamata ta faɗa, tsoro ne ya hana ta.

Darakta ya ga ai an gabatar da shi. Ya gyara hula, ya warware takarda, ya yi gyaran murya. "A madadin ni kaina, da ɗaukacin al'ummar wannan unguwa mai albarka, da tsohon ofishinmu..."

Sai dattijuwar nan ta cire tabarau, ta yi magana da Hausa tas, har da karin da ya fi na wasu jikokina.

"Malam, kai ne mai cewa a bi hagu?"

Waɗanda na kora sun zagaya ta taga, sun kira wasu, kawuna sun cika tagar har da mai sayar da ruwa da matar mai kemis. Ashe matar nan irin karatun da Takwara take nema shi ta yi, shekara tara ta zauna cikin masu jin harshenmu. Tun daga "Tela, shigar da cikinka" take jin komai.

Darakta ya ce, "Ranki ya daɗe, wato ita rakiya, a tsarin aiki..."

"A wane ofishi?"

Ya faɗi shekarunsa talatin da ɗaya. Ta tambayi muƙaminsa. Ya ce ɓangaren zirga-zirgar takardu.

Daga cikin labule mai aski ya ce, "Masinja ne, ranki ya daɗe."

Taga ta kwashe da dariya. Mai sanƙon nan na kwamiti bai ji Hausa ba, amma shi ma hotonsa sai girgiza yake yi. Shugabar ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Takwara ƙa'ida a rubuce take, wanda aka samu da mutum a ɗaki an cire shi, kuma sauran taran kowa ya bi ta.

Na ajiye jakar magani, na gyara mayafina, na zo gaban kwamfutar. Ban san inda ake kallo ba, sai na kalli tabarau ɗin da ke hannunta.

"Baiwar Allah, sannu da aiki. Ni ce kakarta. Ban san karatunku ba, amma na san wanda ya yi laifi a gidana. Wancan na jikin taswira ɗana ne. Yarinyar ta gaya masa, ni ma na gaya masa. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya san abin da za ku tambaye ta, balle ya raɗa mata amsa. Wancan aski yake yi, wancan ɗinki, wannan na ƙasa littafi ɗaya gare shi sau sittin. In za ku kayar da ita, ku tambaye ta tukuna ta kasa. Ki ba ni minti biyar in share ɗakin."

Ta ce, "Inna, minti biyar zai isa?"

"Uku ma."

Suka kashe murya suka yi shawara, muna ganin bakinsu yana motsi. Takwara ta riƙe gefen zanina kamar lokacin da take 'yar shekara huɗu. Can shugabar ta dawo ta ce tun da yarinyar ta faɗi gaskiya da aka tambaye ta, za a yi ganawar, da sharaɗin su ga ɗaki babu kowa, su kuma ga ƙofa a rufe. Ƙofa, ba labule ba.

Na fara da tela, na sa kafaɗa na tura, suka fita shi da mai aski kamar an cire toshiya, labulen ya bi su. Mai littattafai ya ce ba zai bar dukiyarsa ba, na ce ko ya fita da ƙafarsa ko ya fita a kwali. Darakta ne ƙarshe, yana ta naɗe takardarsa.

"Inna, ko sakin layi ɗaya..."

Na nuna masa ƙyauren da ke jingine a baranda. "Ɗauko."

"Ai babu abin da zai riƙe shi."

"Akwai. Kai."

Ya ɗauko ƙyauren ya saita shi a gurbinsa daga waje, ya tokare da hannu biyu da goshi. Na jawo kujera na zauna a gefensa, tsintsiya a cinya. Unguwa kuma ta taru a baranda, babu wanda ya tuna yana da shago.

Mai aski ya ce, "Darakta, barka da ƙarin girma. Daga masinja zuwa ƙyaure."

Tela ya ce, "Ka daina jingina da hammata, ɗinkin wurin ba mai ƙarfi ba ne."

"Kai ka ɗinka ai."

"Don jawabi na ɗinka, ba don dako ba."

Minti goma, gumi ya jiƙa sabuwar riga. Minti ashirin, ya fara karanta wa ƙyauren jawabinsa a hankali, wai kada ya tashi a banza. Ya ga 'yar kafa ta gefe ya kai ido, na ɗora masa tsintsiya a ƙeya. Ya ce hannunsa ya mutu, ko wani zai karɓe shi. Mutanen da ya tara suka dubi sama, suka dubi ƙasa. Matar mai kemis ta ce tana da man zafi in an gama. Daga ciki kuwa muryar Takwara nake ji, da farko siririya, daga baya ta cika ɗakin, har ta fara katse mai sanƙo. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san muryar wanda ya san abin da yake faɗa, don na yi shekara arba'in ina ciniki.

Minti arba'in da biyar sannan aka ƙwanƙwasa daga ciki.

"Kawu, buɗe."

Hannuwansa sun sandare, sai da tela ya taya shi aka kawar da ƙyauren. Ta fito tana share goshi. Kowa ya yi ca, yaya, yaya. Ta ce ba ta sani ba, sai nan da mako uku. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ta ce a ba ta ruwa.

Mako ukun nan Darakta bai tako gidana ba. Ko layin mai aski ya daina bi, gashinsa ya taru har ya fara ɗaga hula. Ni kuma na kira kafinta na gaske.

Ranar wata Asabar da hantsi ina tsince shinkafa Takwara ta fito da waya a hannu, ta tsaya a kaina. Na ce in kuka ne ki yi, in dariya ce ki yi, kin tare min haske. Ta ce, "Kaka, ina cikin huɗun." Na ajiye faranti. Na ce to madalla, sai a nemo akwati mai ƙarfi, ba irin na kawunki ba. Daga nan wani abu ya shiga min ido, na daɗe ina fama da shi.

Ban san wanda ya kai masa labari ba. Kafin azahar sai ga Darakta, an yi aski, an saka rigar nan da faci a hammata, tela da mai aski suna biye da shi don kallo. Tun daga bakin titi ake jin sa.

"Me na gaya muku? Mutum ɗari uku, wa kwamiti zai tuna? Wadda ta zo da jama'a. Uwata, ba sai kin gode min ba, aikina ne."

Takwara ta ce, "Na gode, Kawu," tana danne dariya.

Ya zauna, ya jawo shayina, ya ciro takarda da biro daga aljihu ya fara jera sunaye. Tela ya leƙa ya ga nasa a na biyu.

"Inna," in ji Darakta, "shi jirgin nan, mutum nawa yake ɗauka?"

Na karɓe kofina daga gabansa.

"Daga gidan nan, ɗaya."